Asabar ɗin kibiyar iska

Yau ban leƙa kasuwa ba. Hazo ya rufe gari tun asuba, rana ta fito fari fat kamar faifai, kana kallonta ba ka runtse ido. Ina shan koko sai ga autana da littafinsa: "Baba, malam ya ce kowa ya haɗo abin da ke nuna inda iska take fitowa, Litinin za a duba."

Muka samo sillen kara mai ƙwari, muka tsaga bakinsa biyu. Shi ya yanka kwalin sabulu, ɗaya ya zama kan kibiya, ɗaya wutsiya. Na ɗora karan a yatsa har na gano inda bai rinjaya ba, na huda nan da ƙusa mai zafi, muka kafa a kan gora, da dutsen tsohon carbi a tsakani don ya riƙa juyawa ba gardama.

Karon farko abin ya ƙi. Yaron nan saboda son kyau ya yanka kai da wutsiya girmansu ɗaya, kibiya ta yi ta wulwulawa kamar wadda ta ɓata a kasuwa. Na ce masa iska ta fi samun abin turawa a wuri mai faɗi, shi ya sa ake yin wutsiya babba kamar mafici. Iska ta ture ta baya, kai kuma dole ya juyo ya fuskanci iskar. Muka sake yankawa.

A kan soro muka rubuta gabas, yamma, kudu da arewa da gawayi. Da farko ya so mu bi alƙibla, sai na tuna masa cewa a nan Kano alƙibla ta ɗan karkata arewa, ba gabas sak ba ce, don haka muka duba kamfas na waya. Kibiya ta yi rawa kaɗan, ta tsaya tsakanin arewa da gabas.

"To can iskar za ta ke nan?"

Na ce a'a, daga can ta zo. Iska kamar baƙo take, da garinsu ake kiranta, yadda ake cewa Bakatsine ko Bazazzagi. Wannan ta hunturu daga hamadar Sahara take, kuma ƙura mai yawa da muke shaƙa daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda a da can tafki ne. In damina ta kusa, kibiyar za ta juya kudu maso yamma, wajen Tekun Atlantika inda laima ke fitowa, ko da yake hadarin kansa galibi daga gabas yake haɗowa. Wannan ya ɗaure masa kai, ni ma na bar shi nan, don bayanin ya fi ƙarfin safiya ɗaya.

Hajiya tana tsakar gida tana jinmu, sai dariya. Ta ce su lokacin shiƙa ƙaiƙayi kawai suke watsawa sama su ga inda ya nufa, ba kara ba kwali. Jikan nata ya ce ai wannan inda iska za ta yake nunawa, nasa kuwa inda ta fito. Ta ce, "Iye, miji na ya yi ilimi!"

Bayan la'asar muka tarar akuyar maƙwabta ta hau soro ta cinye rabin wutsiyar. Kwalin sabulu ya ƙare, gobe sai in roƙi mai shago na bakin layi.