Karama da Jarrabawa: Abin da Labaran Waliyyan Kiristocin Turai Suka Koya Mini

Cikin littattafan da muka karanta a darasin tarihin Turai na ƙarnonin tsakiya, babu wanda ya zauna mini a rai kamar tarin labaran waliyyai da Jacobus de Voragine ya haɗa da Latinanci wajen shekarar 1260, wanda aka fi sani da Legenda Aurea. Shi malamin wa'azi ne daga ɗariƙar Dominik, daga baya kuma ya zama babban bishop na birnin Jenowa a Italiya a 1292. Littafin ya yaɗu matuƙa, har ta kai kwafin rubutun hannu fiye da 1,000 sun wanzu zuwa yau, domin masu wa'azi daga cikinsa suke ɗebo abin da za su gaya wa jama'ar da galibinsu ba su iya karatu ba.

Wanda ya buɗe littafin karon farko, al'ajabai ne za su fara ɗaukar hankalinsa: wuta ta ƙi cin mutum, zaki ya sunkuyar da kai, mala'ika ya sauko cikin kurkuku. Sai da na karanta labaran shahidai ɗaya bayan ɗaya na lura cewa kusan babu wanda karama ta hana shi mutuwa a hannun azzalumi. Katarina ta Iskandariya ta kayar da masana 50 a muhawara a gaban sarki, aka kulle ta kwana 12 ba abinci, kurciya tana ciyar da ita, aka ƙera mata wani abin azaba mai wili huɗu da aka kafa wa ƙusoshi da zarto, mala'ika ya tarwatsa shi. Bayan duk wannan aka fille mata kai da takobi, takobin kuwa bai ƙi ci ba. Haka labarin Margareta ta Antakiya ya ƙare, haka na wasu da dama. A fahimtata, marubutan ba su ɗauki karama a matsayin hanyar tsira daga wahala ba. Shaida ce ga masu kallo cewa wanda ake azabtarwa yana kan gaskiya, amma wahalar kanta tana nan sai an sha ta har ƙarshe.

Labarin da ya fi fito da wannan a fili shi ne na Yustas, wanda asalin sunansa Plasidus, kwamandan yaƙi a zamanin Tarajan sarkin Rum. Ya fita farauta ya ga namijin barewa da gicciye tsakanin ƙahoninsa, ya ji murya, ya karɓi addinin Kirista tare da iyalinsa. Al'ajabin ɗan gajere ne, amma abin da ya biyo baya ya cika shafuka. Annoba ta kashe bayinsa da dabbobinsa, ɓarayi suka kwashe dukiyarsa, mai jirgin ruwa ya ƙwace matarsa a maimakon kuɗin fito. Da ya isa wani kogi ya haye da ɗa guda, ya juyo ɗaukar na biyu, yana tsakiyar ruwa sai zaki ya ɗauke ɗaya, kyarkeci ya ɗauke ɗaya, shi kuwa ba ya iya kaiwa ga kowannensu. Shekara 15 ya yi yana gadin gonakin mutane a wani ƙauye. Labarin da kansa ya kwatanta shi da Ayuba, kuma duk Bahaushen da ya tashi da jin haƙurin Annabi Ayuba zai gane inda aka dosa. Bambancin shi ne, bayan an mayar wa Yustas da muƙaminsa da matarsa da 'ya'yansa, sarki Hadriyan ya sa aka jefa su duka cikin bijimin tagulla da aka hura wa wuta, saboda sun ƙi yin hadaya ga gumaka. Hoton mutumin nan a tsakiyar kogi yana kallon gaɓa biyu ya fi taɓa ni a kan barewar da gicciyenta, kuma ina ganin talakan da ya rasa 'ya'ya a shekarar yunwa nan ne shi ma zai tsaya.

Daga nan na koyi tambayar wa ake gaya wa labarin, kuma wane ciwo ne ke damunsa. An ce wani dodo ya haɗiye Margareta a kurkuku, ta yi alamar gicciye, cikinsa ya fashe ta fito lafiya. Jacobus da kansa ya rubuta cewa wannan ɓangaren ba abin dogaro ba ne, wanda ke nuna mutanen wancan zamani ba kowane zance suke haɗiya ba kamar yadda ake yawan zato. Duk da haka mata suka riƙe labarin, domin kafin a kashe ta ta yi addu'a cewa duk macen da ta kira sunanta a kan gwiwa ta sauka lafiya. Akan karanta wa mai naƙuda tarihinta, wani lokaci a ɗora mata rubutun a ciki. A zamanin da haihuwa ke cin rayukan mata da yawa, ba wuya a gane abin da ya sa labarin fitowa da rai daga cikin duhu ya zama nasu.

Irin wannan na sake gani a Kantabari ta Ingila. Bayan jarumawan sarki Henry na Biyu sun kashe babban bishop Thomas Becket a cikin coci ranar 29 ga Disamba 1170, 'yan zuhudu biyu, Benedict da William, suka riƙa rubuta abin da masu ziyarar kabarinsa ke faɗa, har suka tara al'ajabai kusan 700. Ko mutum bai gaskata ko ɗaya ba, rubutun taska ce ga ɗalibin tarihi, domin a ciki ake samun makafi da kutare da masu taɓin hankali da yaran da suka faɗa ruwa, mutanen da ba don wannan ba da babu inda za a ambace su.

Hukumar coci ma ba ta bar lamarin sakaka ba. A 1199, lokacin da Fafaroma Innocent na Uku ya tabbatar da walittakar Homobonus, wani ɗan kasuwar tufafi na birnin Kiremona a Italiya, ya bayyana cewa al'ajabi kaɗai bai isa ba sai an haɗa da kyawun hali, tunda bokayen Fir'auna ma sun nuna abubuwan mamaki. Daga 1234 tabbatar da waliyyi ya zama hurumin Fafaroma shi kaɗai, ana rantsar da shaidu ana rubuta bayanansu.

Wannan bincike ne ya adana mana labarin da ya fi damuna, wato na Alisabatu 'yar sarkin Hangari. An aurar da ita tana shekara 14, mijinta Ludwig ya rasu a 1227 a hanyarsa ta zuwa yaƙin gicciye, wato yaƙin da Kiristocin Turai suka yi don karɓe Kudus, ta bar fada ta gina asibiti a garin Marburg na Jamus tana jinyar marasa lafiya da hannunta, ta rasu a 1231 tana shekara 24. Labarin da aka fi sani game da ita, cewa burodin da ta ɓoye za ta kai wa talakawa ya rikiɗe ya zama furanni, daga baya ya shigo. Abin da kuyanginta huɗu suka shaida a gaban masu bincike daban ne. Sun faɗi yadda ta wanke masu gyambo, sun kuma faɗi yadda malaminta Konrad yake dukanta, ya kore mata aminanta na ƙuruciya don ya karya mata zuciya. Marubutan zamanin sun lissafa wannan duka cikin jarrabawar da ta ɗaukaka ta, ni kuwa na kasa bin su a nan. Mutuwar miji jarrabawa ce da babu mai iya kauce mata, amma bulalar Konrad zalunci ne da mutum ya zaɓi aikatawa, kuma haƙurin Alisabatu bai wanke shi ba. An tabbatar da walittakarta a 1235, shekara huɗu bayan rasuwarta. Shi kuwa Konrad, wanda ya yi ƙaurin suna wajen farautar waɗanda ake zargi da bidi'a, wasu mahaya sun tare shi a hanya kusa da Marburg sun kashe shi tun a 1233.