Bauchi, Oktoba 2020. Talata, mako na biyu da komawa makaranta bayan kullen korona

Yau keke ɗaya ya ɗauke ni tun daga Fadaman Mada har bakin makaranta, ban sauka Wunti na canza ba, don haka da fara'ata na shiga. Tun da aka hana acaɓa lokacin korona, ga litar mai ta kai wajen naira 160 a watan jiya, fitar safe ta zama aiki.

Baba maigadi na ƙofa da na'urar gwajin zafin jiki, yana auna goshin kowace yarinya. Ranar farko kaucewa suke yi suna dariya, yanzu da kansu suke miƙo kai. Bokiti mai famfo da ruwa, sabulu ya kusa ƙarewa. Takunkumi kuwa kala-kala, yawanci ɗinkin tela da ragowar atamfa, wasu a hanci, wasu a haɓa ƙarƙashin hijabi. Har yanzu ba a taron safe, kowa ajinsa yake wucewa. An sare ciyawar da damina ta bari a fili. Mai masa ta dawo gindin dalbejiya. Wallahi na yi kewar hayaniyar yaran nan, wata bakwai ba wasa ba.

Sai rajista.

Tun makon jiya nake kiran sunan monitata, shiru. Ban damu sosai ba, don kaka ce, yara da dama suna ƙauye ana cirar gyaɗa da karyar masara, kullum sai an samu ɗaya ko biyu sun dawo. Yau ma na kira, shiru, na wuce. Da aka buga ƙararrawar tara kowa ya fita, aminiyarta ta tsaya jikin tebur tana murza gefen hijabi.

"Malama, ina son magana da ke."

"Ina jin ki, 'yata."

"An ɗaura mata aure bayan Babbar Sallah. Ta tare tun watan Agusta."

Na ce Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya, kuma har zuciyata na faɗa. Na tambaye ta me ya sa duk kwanakin nan ba wadda ta gaya min, ina ta kira suna kallona. Ta ce sun yi shawara ne a tsakaninsu kowa ta yi shiru, don idan malamai suka sani za a soke sunan.

"Jiya na je gidanta, Malama. Ta ce in gaishe ki. Ta ce don Allah don Annabi kada ki cire sunanta. Littattafanta ma da su ta tafi, suna cikin akwatinta."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni sukuni har yanzu da nake rubutun nan. Kun san yarinyar, na sha ba ku labarinta. Ita ce ta zana zuciya a allo da alli ja da shuɗi, ɗaki huɗu da jijiyoyinta, har na hana a goge kwana biyu. Ita ce ta zo ta tambaye ni darussan da ake nema a makarantar koyon jinya da ungozoma, na lissafa mata Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kiredit biyar, ta rubuta a bangon littafinta ta ja layi biyu a ƙasa.

Ba zan zauna nan in zagi mahaifinta ba. Na san shi, direba ne a tasha, yana jigilar Bauchi zuwa Kano. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, motarsa ta yi watanni a ajiye, sai 1 ga Yuli aka buɗe hanya. An rufe makarantu tun Maris, aka ce kwana 30, kwana 30 suka wuce ba labari. Gwamna kansa ya kamu a ƙarshen Maris, a watan Mayu aka rufe Katagum da Giade da Zaki, kowa a tsorace. A watan Yuli kuma aka ji sanarwa daga Abuja cewa makarantun gwamnatin tarayya ba za su zauna jarrabawar WAEC ta bana ba. Daga baya an sake shawara, 'yan ajin ƙarshe suka koma 4 ga Agusta, suka fara jarrabawa 17 ga wata. Amma a unguwa maganar farko ce ta zauna a kunnen mutane: bana babu boko. Mutum yana da budurwa a gida, ba makaranta, ba ranar komawa, abinci ya yi tsada, ga manemi na kirki ya fito. Na gane yadda aka yi. Ganewar ba ta rage min komai ba.

Darasin rediyo da aka yi ta yi lokacin kulle, aminiyar ta ce ba ya wuce yarinyar, har takan ari rediyon maƙwabta idan batirin nasu ya mutu.

Bayan tara na je ofishin Hajiya, mataimakiyar shugabar makaranta. Na same ta da takardu, ana son kowane malamin aji ya kawo adadin waɗanda suka dawo, don da shi za a raba ajujuwa saboda ba da tazara. Ajina ya haura 60, benci ɗaya mutum uku, yanzu an ce biyu. Na gaya mata komai, ban ɓoye ba.

Ta cire tabarau ta ce, "Malama, ke ce ta huɗu da ta zo min da irin wannan tun da aka dawo. Rajista ba wurin ajiye tausayi ba ce. Idan aka zo duba mu aka ga suna ba mutum, ni za a tambaya."

Na ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Amma idan na ja layi yau, shi ke nan na rufe mata ƙofa da hannuna."

Ba ƙarin gishiri na yi ba. Mai zama WAEC ta makaranta ba takardar ranar jarrabawa kaɗai ake duba mata ba, ana tura makin gwaje-gwajen aji tun daga SS 1. Yarinyar tana da na SS 1 cif, tana da zango biyu na SS 2. Wannan zango na uku da muke matsewa cikin 'yan makonni shi ya rage mata ta shiga ajin ƙarshe. Idan ya kuɓuce, sai dai ta jira jarrabawar 'yan waje, ta biya da kanta, ta yi karatu ita kaɗai a ɗaki, ba ɗakin gwaje-gwaje, ba malami. Na ga mata da yawa da suka ce za su yi hakan. Kaɗan ne suka kai, ciki da goyo sukan riga su.

Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce ta ba ni zuwa ƙarshen wata. In rubuta "ba ta zo ba" kullum kamar yadda yake, kada in sa mata alamar zuwa ko sau ɗaya. Kafin nan ko dai ta dawo da yardar mijinta, ko a rubuta mata takardar canji zuwa sakandaren matan aure da makinta gaba ɗaya. Na yi mata godiya. Ta ce, "Ki fara da mijin. Uban ya riga ya sauke nauyinsa."

Sauran ranar ban san yadda ta wuce ba. SS 1 da narkewar abinci, rabinsu sun manta abin da muka yi a Fabrairu, sai da na koma baya. Magana cikin takunkumi minti 40 tana busar da maƙogwaro. Wata ta yi atishawa, aji ya ɗauki "korona, korona", na tsawatar sosai, don yarinyar har idonta ya kawo ruwa.

Da daddare na gaya wa Abban yara. Ya ce ba daidai ba ne in tunkari mijin ni kaɗai, zai raka ni ranar Asabar bayan la'asar, shi ya zauna da shi a waje, ni in shiga ciki wajenta da uwar mijin. Ya ce kada in je da wa'azi, in je da katin sakamakonta kawai, mutumin ya gani da idonsa. Inna kuma ta ce in riƙe turmin atamfa ko ɗan kwano, ba a zuwa gidan amarya hannu rabbana, balle da roƙo.

Ban san mijin ba. Aminiyar ta ce yana da shagon gyaran waya, ya yi sakandare, ba mai faɗa ba ne. Da wannan nake ɗan sa rai.

Sauran ukun da Hajiya ta ambata kuma, na wane aji ne, wa zai je musu?

Idan a cikinku akwai wadda ta yi sakandaren matan aure a nan Bauchi, ko take koyarwa a can, don Allah ta sanar da ni kafin Asabar: ana karɓar canji a tsakiyar zango, akwai ajin kimiyya, kuma ƙarfe nawa ake tashi? Mijin zai tambaya, ina son in je da amsa.