Hannu ya iya, takarda ba ta shaida ba: neman aiki a Saudiyya yau

A da, a Jidda ko Makka, ɗan'uwa ne zai kama hannunka ya kai ka gaban mai kamfani ya ce, "Wannan ya iya aiki," magana ta ƙare. Yanzu kafin a dubi aikin hannunka, an riga an buɗe Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, an ga abin da aka rubuta a kanka. Nan ne 'yan'uwanmu da yawa suke faɗuwa, alhali gwanaye ne.

Fara da mihina, wato sana'ar da aka rubuta a kan iƙamarka, katin izinin zamanka. Mutum ya shekara goma yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, amma iƙamarsa ta ce lebura ne. Babban kamfani ba zai ɗauke shi a matsayin ƙwararre ba, domin takardarsa ta saɓa wa aikin. Wanda kake wa aiki ne ke neman sauya mihina ta Qiwa, don haka ka yi maganar tun kuna shiri da shi, ba sai ranar rabuwa ba. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya ba ma'aikacin kamfani damar komawa wani wurin bayan shekara guda ba tare da yardar kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ba, bisa sharuɗɗa. Amma direban gida da mai aikin gida ba sa ciki, nasu tsarin daban ne, ta shafin Musaned na ma'aikatan gida.

Masu aikin hannu, kamar wayarin wuta, famfo da walda, su shirya wa jarrabawar tantance sana'a da aka fara a 2021. Kashi biyu ce: tambayoyi da gwajin aiki. Gwani ba ya tsoron gwajin aiki, tambayoyin ne ke kayar da shi, saboda a gareji ya koya, ya san kayan da hannunsa amma bai san sunansu na littafi ba, bai saba karanta zanen wayoyi ba, ƙa'idojin kare lafiya kuma ya ɗauke su wasa. Ka zauna da wanda ya yi makarantar fasaha, ya bi da kai waɗannan ukun.

Masu digiri kuwa, injiniya sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyi ta Saudiyya, ma'aikacin lafiya sai ya bi ta hukumar ƙwararrun lafiya, inda kamfanin tantance takardu na DataFlow ke tuntuɓar makarantarka kai tsaye. Abin da ke yawan tsayar da fayil ƙarami ne: fasfo ya ce Muhammad, takardar makaranta ta ce Mohammed, ko an juya sunan uba da na kaka. Gyara wannan kafin ka biya kuɗin tantancewa.

Kada ka bar wurin aiki ba shahadar khibra, wato takardar shaidar aikin da ka yi. Sashe na 64 na dokar ƙwadago ya wajabta wa wanda kake wa aiki ya ba ka ita kyauta in ka nema, da ranar farawa, ranar gamawa da aikin da ka yi. Abin takaici, kunya ke hana mutanenmu tambaya.

Me ya cancanci koyo? A ganina, rubutun Larabci ne kan gaba. Da yawa suna zuba Larabcin Hijaz kamar ruwa, amma a ce su rubuta rahoton layi biyar sai gumi. Sai manhajar lissafi ta Excel, sai tsarin rasit na kwamfuta mai suna Fatoora da ya zama dole tun Disamba 2021. Hausarka ma jari ce a otal da kamfanonin Umara, muddin ka haɗa ta da Larabci da ɗan Turanci.

Kafin ka biya kuɗin kwas, bincika ko an keɓe wa 'yan ƙasa aikin, kamar na sashen kula da ma'aikata, don tun zuwan Nitaqat, tsarin ware wa 'yan Saudiyya guraben aiki, a 2011 jerin ke ƙaruwa. Mai shaidar ɗan ƙasar Saudiyya ya yi rajista a Jadarat, shafin gwamnati na neman aiki, ya ɗauki kwasa-kwasan shafin horaswa na Doroob, kyauta ne.