Yadda Na Samu Abokan Harhaɗa Ƙananan Jiragen Ƙasa a Sakkwato

Sakkwato gari ne da layin dogo bai taɓa isowa ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929, kuma daga nan bai ƙara gaba ba, saboda haka mutum na iya tashi a Runjin Sambo ko Mabera har ya yi furfura bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa da kunnensa ba. Duk wanda ya ɗauki sha'awar ƙananan jiragen ƙasa a irin wannan gari, wato waɗanda ake ƙerawa bisa awo su yi tafiya da lantarki a kan ɗan siririn dogo, zai daɗe yana aikinsa shi kaɗai idan ya tsaya jiran ranar da zai ga allon wata ƙungiya a bakin titi.

Ni na shiga harkar ne ta hanyar wani ɗan uwana da ya yi karatu a Ingila, wanda ya kawo mini kan jirgi ɗaya na kamfanin Hornby da taragai uku da dogon da ke haɗuwa ya yi da'ira. Da na fara karatu a kan lamarin sai na ga cewa a can ƙungiyoyi tsofaffin abubuwa ne: ƙungiyar da ke Landan an kafa ta tun 1910, ta Amurka mai suna NMRA kuma tun 1935, kuma ita NMRA ɗin ce ta tsara da yawa daga cikin ƙa'idojin awo da ke sa kayan kamfanoni daban-daban su dace da juna. A can mutum adireshi kawai zai nema, ya je ranar taro. Na bincika a Facebook na samu mutane masu kirki daga Ingila da Indiya da Afirka ta Kudu, sun kuma ba ni shawarwari masu amfani, amma babu ko ɗaya cikinsu da zai iya zuwa ya riƙe mini waya ina liƙa ta da dalma.

Mutum na farko da na samu mai gyaran rediyo ne, kuma lalura ce ta kai ni wurinsa. Kan jirgin ya fara tafiya yana tsayawa, daga baya ya ƙi motsi gaba ɗaya, sai na naɗe shi a tsumma na kai shi wata 'yar rumfa kusa da Tsohuwar Kasuwa. Maigyaran ya juya shi a tafin hannunsa, ya kwance ƙusoshi biyu ya ɗaga murfin, ya ɗora mitarsa a kan ƙafafun, sannan ya zaro wani dunƙulen ƙura da zare da ya naɗe a gatarin ƙafa da bakin allura. Ya goge 'yan siraran tagullar da ke ɗaukar wuta daga ƙafafun da audugar da ya tsoma a sifirit, ya jona batir mai bolt 9 a kansu, nan take ƙafafun suka fara juyawa. Ya daɗe yana kallonsu kafin ya ce, "Malam, wanga inji irin na tsohuwar kaset na. Ina hanyar da shika bi?" Da na ce tana gida, sai ya ce ba zai karɓi kuɗin gyara ba sai ya je ya gani da idonsa. Ranar Asabar bayan la'asar ya zo, ya zauna a ƙasa har aka kira magariba yana tura jirgin gaba da baya, yana tambayar dalilin da ya sa juya wayoyi biyu ke juya tafiyarsa.

Daga wannan rana na sauya yadda nake neman mutane. Idan ka tambayi mutumin Sakkwato ko ya san mai sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, zai ce bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma wannan sha'awa sana'o'i da yawa ne aka haɗa wuri ɗaya, akwai lantarki, akwai kafinta, akwai fenti da zane, akwai sanin tarihin jirgin kansa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da gwanaye a cikin garin nan. Abin da ya rage shi ne a nuna musu abin yana tafiya. Bayani da baki ba ya jawo kowa, hasali ma yakan sa a ɗauke ka babban mutum mai wasan yara. Amma kan jirgi da ɗan guntun dogo da batir a aljihu sun fi duk wani dogon jawabi. Da haka na samu ɗalibai biyu masu karatun zanen gine-gine, waɗanda dama aikinsu ne yanka kwali su fitar da gida bisa awo, da wani matashi a unguwarmu da tun yana yaro ya shahara wajen ƙera motar kara da ta waya, yanzu kuma walda yake yi. Shi wannan matashin bai taɓa jin ana maganar awo da lamba ba, amma idonsa na gane tarago ya yi tsawo ko ya yi gajarta kafin mu ɗauko ma'auni.

Wanda ya fi sauya mana alkibla wani dattijo ne da ya yi aikin reluwe a Zariya da Gusau kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Limamin masallacinmu ne ya ba ni labarinsa, na kuma bi ta hannun ɗansa kafin na je, domin ba a faɗa wa dattijo kai tsaye da irin wannan magana. Bayan gaisuwa na shimfiɗa dogon a kan tabarmarsa na ɗora jirgin. Ya sa tabarau, ya ɗauki tarago ɗaya ya kifa shi, ya auna tsakanin ƙafafun da ɗan yatsansa, sannan ya ce, "Ɗana, wanga jirgin Turai na, ba irin wanda munka yi ma aiki na ba. Namu ƙafafunai sun fi haka matsewa, jikinai kuwa ya hi ƙarhin dogon." Na ce, "Baba, to a koya muna namu." Ya yi dariya, kuma tun daga nan ya zama uban tafiyarmu.

Abin da ya gani da ido gaskiya ne a lissafi. Tsohon dogon Nijeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, alhali na Ingila da sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne. Awon da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ake kira HO, yana rage komai sau 87, dogonsa kuma milimita 16.5 ne, wanda ya yi daidai da faffaɗan layi. Jirgina na Hornby awon OO ne, sau 76, a kan wannan dogon dai. Wanda ke son tsohon jirginmu a awon HO sai ya nemi dogo mai milimita 12, wanda samunsa ke da wuya da tsada. Akwai wata hanya da masu wannan sha'awa a ƙasashe masu irin dogonmu, kamar Niyu Zilan, suka daɗe suna bi: a bar dogo mai milimita 16.5 yadda yake, a ƙara girman jikin jirgin zuwa awon sau 64, domin 1,067 a raba 64 ya zo kusan daidai da faɗin dogon. Mun yi makonni muna ja-in-ja a kan wannan. Ɗaliban sun fi son HO saboda sabbin jiragen Abuja da suka taɓa hawa, dattijon kuma ya ce shi ba zai ɓata idonsa a kan jirgin da bai sani ba. A ƙarshe awon 64 ya yi rinjaye, ba don hujjar tarihi kaɗai ba: ƙananan motocin ƙarfe na yara da ake samu a gwanjo yawancinsu kusan wannan awon suke, kuma yankan kwali ya fi sauƙi idan abu ya ɗan girma. A ganina duk mutanen da za su haɗu a kan wannan aiki su yanke maganar awo tun kafin kowa ya kashe kuɗinsa, domin ita ce maganar da ke raba abokai bayan an riga an sayi kaya.

Muka tsai da shawarar gina ƙaramar tasha irin ta reshen Gusau a zamanin da gyaɗa da auduga da fatun jan akuya ke barin ƙasar Sakkwato a kan manyan motoci zuwa bakin dogo. Halin da hanya ke ciki bai ba mu damar zuwa mu auna gine-ginen da kanmu ba, saboda haka dattijon ne taswirarmu. Da alli yake zana mana a simintin zaure inda ɗakin tikiti yake, inda rumbun kaya yake, inda tankin ruwan injin gawayi yake, da inda layi ke rabuwa biyu domin jirage su wuce juna. Idan ɗalibi ya kawo rufin kwano da ya yi da takardar alminiyam ya matsa ta a kan haƙoran mataji don ta yi tudu da kwari, dattijon kan ce ya yi sabo da yawa, a sa masa tsatsa. Dalar buhunan gyaɗa kuwa matashin mai walda ne ya yi ta da yumɓu, buhu ɗaya-ɗaya, kowanne bai kai ƙwayar wake ba.

Samun mutane ya fi riƙe su sauƙi. Abin da ya riƙe mu shi ne rana ɗaya da wuri ɗaya da ba sa canzawa: Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu, ko mutum biyu ne suka zo a yi aiki. Muna da dandalin WhatsApp, amma mun taƙaita shi ga hotunan aiki da sanarwar taro, domin mun ga yadda irin waɗannan dandali ke komawa na siyasa da ƙwallo. A watan azumi mukan ɗage taro zuwa bayan ƙaramar sallah.

Yanayin Sakkwato ma ya koya mana abin da littattafan Turai ba su damu da shi ba. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan dogo ta yanke wuta cikin kwana ɗaya, don haka muna rufe teburin da zanen gado, kuma aikin farko a kowane zama shi ne goge dogo da tsumma da sifirit. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40, yana sa ƙarfen dogo ya miƙe. Idan an haɗa guntayen ƙam babu sarari, layin kan lanƙwashe, saboda haka muna barin tazarar kaurin kati a kowace mahaɗa. Taragon roba da aka manta a cikin mota da rana tsaka ba ya komawa daidai. Katakon teburi kuma sai an shafa masa maganin gara. Game da wuta, yawancin waɗannan jirage bolt 12 suke ci, wanda ya sa mai gyaran rediyo ya haɗa mana akwatin rage gudu da ke aiki da batirin sola, muka huta da jiran a kawo wuta.

Kuɗi kuwa mun mai da shi kamar adashi, kowa na zuba abin da ya sawwaƙa a wata, ana rubutawa a littafi, idan ya taru a ba wani mai tafiya ko a yi oda ta intanet. Dogo da kawunan jirgi na ƙungiya ne, taragon da mutum ya ƙera da hannunsa nasa ne, kuma an rubuta wannan tun da farko. Mun faɗa wa 'yan gwanjo biyu abin da muke nema, mun bar musu hoto, sukan kira mu idan an kwance dila. Yawancin abin da ke fitowa jiragen batir ne na yara marasa awo, amma lokaci-lokaci akan dace da masu awo na kamfanin Bachmann ko Lima. Sai dai a duba abu biyu kafin a biya: taransifomar jirgin, wato na'urar da ke rage masa ƙarfin wuta, idan daga Amurka ta fito ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230, ana jona ta za ta ƙone; sannan jiragen kamfanin Märklin na HO suna ɗaukar wuta ne daga tsakiyar dogo, ba za su yi tafiya a kan namu mai layi biyu ba.

Wata magana da ta taso, wadda ban ga an tattauna ta a ko'ina ba, ita ce ta 'yan mutum-mutumin da Turawa ke jerawa a tashoshinsu. Biyu daga cikinmu ba su natsu da su ba saboda abin da suka karanta wajen malamansu. Ba mu tsaya muhawara ba, muka bar tashar babu mutane, muka cika ta da buhuna da amalanke da itatuwan dogon yaro da aka yi da murɗaɗɗiyar waya da soso. Yara kuma muna barinsu su shigo kallo da sanin iyayensu, wanda ya nuna natsuwa a ba shi tsumman goge dogo, daga nan ya kai ga riƙe akwatin gudu.

Da zauren ya yi mana kaɗan sai muka ari dabarar ƙungiyoyin waje, inda kowa ke gina nasa yanki a gida a kan katako mai faɗi da tsayi iri ɗaya, dogon ya fito a daidai wuri ɗaya a kowane gefe, ranar taro a jona su su zama layi guda. Wannan ya ba wata ƙanwar ɗaya daga cikin ɗaliban, wadda ba ta zuwa zaure, damar yin nata yankin a gida, kuma gadarta ta fi ta kowa kyau. Ta hannun dattijon mun samu lambar wasu tsofaffin abokan aikinsa a Zariya, ɗaya daga cikinsu ya aiko mana hotunan taragon dabbobi ta waya, da awon tsawonsa da ya rubuta a bayan takarda. A kansa muke aiki yanzu: mai walda ya yanke ƙasan, ɗaliban na jera siraran katakan gefe da tsinken ashana, dattijon kuma ya dage cewa ƙofar zamewa take yi gefe, ba buɗewa waje ba, don haka an ɓalle ta farko ana sake wata.