Bushewar gaba bayan ɗaukewar al'ada: ba aikin mai kayan mata ba ne

A wurin adashinmu nan garin Tawa babu ciwon da ba ma tattaunawa: gwiwa, hawan jini, zufar dare mai jiƙa zane ko cikin sanyin Janairu. Abu ɗaya ake yi wa shiru. Sai an watse wata ta ja ki gefe, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, ke ma kina jin zafi in Malam ya kusance ki?"

Ina ji. Shekarata 52, kuma tun da al'ada ta ɗauke mini gabana ya bushe, ga ƙaiƙayi, ga raɗaɗi wajen fitsari. Ungozomar asibiti ce ta warware mini zancen. Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da sinadarin estirojin ke raguwa a jiki. Shi ke sa fatar cikin farji ta yi kauri da damshi. In ya ja baya, fatar ta yi siriri ta riƙa tsagewa kamar leɓe da hunturu, ciwon sanyin fitsari kuma ya yawaita. Zufar dare takan lafa da kanta, bushewar gaba kuwa in an ƙyale ta ƙaruwa take yi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne inda muke fara zuwa. Mu ƴan Nijar mun yi suna da kayan mata har Kano, to da mace ta ce ni'imarta ta ɗauke sai a miƙo mata matsi, ko a ce ta yi tsarki da alif ko ruwan bagaruwa. Haba! Waɗannan tsotse damshi suke yi. Wurin da ya riga ya bushe kuma a ƙara masa? Haka sabulu mai ƙamshi da cusa yatsa ana wanke ciki. Ruwa zalla daga waje ya wadatar.

A farmasi akwai man santsi mai ruwa-ruwa da ake shafawa lokacin kwanciya, akwai kuma na riƙe damshi da ake sawa sau 2 ko 3 a sati. Baselin da man kaɗe suna lalata kwaroron roba. Ni abin da ya fi yi mini shi ne ƙwayar estirojin ta sakawa a gaba, da takardar likita: kullum da dare a satuttukan farko, daga baya sau 2 a sati. Kaɗan ƙwarai ke shiga jini, amma wadda ta taɓa ciwon dajin nono ta faɗa wa likita tukuna.

Malam kuma na zaunar da shi, don ya fara zaton gudunsa nake. Na ce masa ciwo ne, gaggawa ke ƙara shi, ya daina sauri.

In kuwa kin ga jini bayan kin shekara ba al'ada, ko ɗigo ne, kada ki ɗora wa bushewa. Je ki asibitin uwa da yara a duba ki cikin satin nan.