Rular da ta cinye mini atamfar amarya

Mu masu ɗinkin bargon haɗe-haɗe a Kaduna kusan dukanmu da tef da alli da almakashi muka fara, kamar kowace tela. Ƙyalle kuwa ba ya yi mana wuya, ki zaga wajen telolin Kasuwar Barci gab da sallah ki ga buhunan guntayen atamfa da shadda. Wahalar tana wajen yanka. Riga in ta ɗan kauce sai a kama nan a saki can. Bargon da aka haɗa da gutsure ɗaruruwa ba ya ɓoye komai, kusurwa huɗu ne za su haɗu a wuri guda, ko su ƙi.

Shi ya sa na koma ga wuƙa mai juyawa, wato reza mai siffar taya da ake gangarawa a gefen rula, irin wadda kamfanin Olfa na Japan ya fara fitarwa a 1979, da faifan yanka, wato shimfiɗar roba da ake ɗora yadi a yanka a kanta, da rular roba mai garai-garai. Rular farko da na mallaka ta kamfanin Omnigrid ce mai layuka ruwan ɗorawa, inci 6 a 12, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Gajarta ce kawai aibinta. Faɗin atamfa yakan kai inci 45 zuwa 48, in kin ninka ta biyu sai rula mai inci 24 ce za ta ratsa ta a ja ɗaya.

Da wata Hajiya ta kawo mini aikin bargon gadon 'yarta, har da atamfarta 'yar Holan da ta zaɓa da kanta, sai na sayi doguwar rula wajen wata mai talla a WhatsApp. Ba sunan kamfani a jikinta, amma ta zo fes, layukanta sun fito raɗau. Da ita na tsaga dogayen zirin atamfar, faɗin inci 3 da rabi, sannan na daddatsa su da tsohuwar tawa.

Da na fara jera su, kusurwoyi suka ƙi haɗuwa. Wani layin ya fi wani tsawo. Na zargi keken, na auna kwatan incin da ake bari na ɗinki, daidai yake. Na zargi guga. Na farke na sake ɗinkawa har bakin ƙyallen ya fara zarewa, raina a ɓace, ga biki yana matsowa.

Yayana da ke aikin ƙarfe a Panteka ne ya leƙo gaishe da Inna ya tarar da ni a haka. Ya ce, "Ƙanwata, miƙo mini rular nan." Na ce, "Yaya, ai sabuwa ce fil." Bai ce komai ba, ya zaro rular ƙarfensa ya ɗora a kai. Layukan ciki duk daidai suke. Amma daga bakin rular zuwa layin farko akwai giɓin ɗaya bisa 16 na inci. An aske bakinta fiye da kima tun daga inda aka yi ta.

Abin da ido ba ya ko gani! Amma kowane gutsure da na yanka gefensa ɗaya ya gaza da wannan ɗan abin, kuma gutsure 16 ne a layi. In duk suka kwanta ta gajeren gefen, inci ɗaya cur ya tafi. Atamfa kuwa in an yanka an yanka. Dole na rage su duka zuwa inci 3 da kwata, bargon ya tsuke, na shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi neman turmin da zan yi masa baki da shi, da kuɗina. Hajiya ta karɓa ta yaba, ta sa albarka, amma ni na san ba girman da na zana ba ne, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu duk rular da ta shigo hannuna sai na gwada ta da ta ƙarfe, ta baki huɗun, kafin ta taɓa yadi. Kuma rular da na fara aiki da ita da ita nake gamawa, ko da duk biyun masu kyau ne. Layukan jikin faifan yanka ma ba na awo da su, na daidaita yadi ne kawai.

In za ki saya, ki duba kauri, ya kai kamar milimita 3. Rular 'yan makaranta ba ta wannan aiki, rezar hawa kanta take yi ta nufi yatsa. Ki duba ko inci ce ko santimita, kada ki gauraya su a aiki ɗaya. Akwai masu faɗin inci 6 da rabi, suna da amfani ƙwarai, sai dai ƙarin rabin yana gefe ɗaya ne, ki tabbata ta wane baki kike ƙirga. Waɗannan masu siffar alwatika da ake ta tallatawa ba su zama dole ba a farko, layukan digiri 45 da 60 da ke jikin doguwar sun isa.

Sabuwar atamfa santsi ne da ita saboda sitaci, rula takan zame a kanta. Ni wanke ta nake yi in goge, sannan na manna 'yan guntayen samfefa a ƙarƙashin rular, ina dafe ta da ƙaramin yatsana a kan yadin. Faifan kuma kada ki bar shi a mota ko inda rana take duka, zafin watan Maris zai lanƙwasa shi.

Mai tallar na tura mata hoton rulolin biyu a haɗe, giɓin yana bayyane. Amsarta ita ce, "Anti, ai duk rula rula ce, ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi." Kuɗin rular bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne har yanzu tana sayar da su, kuma wata tana can tana zargin kekenta.