Yadda muke ɗaukar fim ɗin fargaba a Garwa

Shagonmu yana unguwar Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru. Muna ɗaukar biki da suna da saukar karatu, muna yi wa 'yan kasuwa talla, kuma da wannan ake cin abinci, alhamdu lillahi. Amma aikin da na fi alfahari da shi shi ne fim ɗin fargaba, irin wanda mai kallo zai manta da shayin da ke hannunsa har ya huce. A kan wannan aikin ne kuma aka fi yi mana ciniki, domin mutane da yawa sun ɗauka wuƙa da jini da kiɗa mai ƙarfi su ne ke kawo tsoro.

Abin da ke kama zuciyar mai kallo shi ne ya san wani abu da jarumi bai sani ba. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, ya taɓa ba da misali da mutum biyu suna hira a kan tebur. In bam ya tashi ba zato, 'yan kallo za su razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. In kuwa an riga an nuna musu bam ɗin a ƙarƙashin tebur, an nuna agogo, to hirar banza ma sai ta zama abin tsinka zuciya na minti 15. Mu ba mu da bam a labaranmu, muna da zaure da labule da kuɗin adashi. A wata fitowa da muka ɗauka, uwar adashi tana zaune a tabarma tana ƙirga kuɗi bayan isha'i. Na kwantar da kamara a ƙasa, dab da siminti, ta yadda fuskarta tana can nesa, a kusa kuma, ƙarƙashin labule, ga bakin takalmin namiji ya leƙo. Ba kiɗa, ba motsi. Ta lashi yatsa, ta ci gaba da ƙirga. Da aka haska shi a wani gidan kallo, wata baiwar Allah ta miƙe tsaye tana cewa, "Hajiya, ki waiwaya mana!" Takalmin nan ko motsawa bai yi ba.

To a kawo wannan fitowar ga yaran da suka sayi waya jiya, yau suka buga kati wai su ma sutudiyo ne. Za su tsaya a tsakiyar ɗaki, su nuna ɓarawon tun daga hula har takalmi, su zuba wani kiɗa da suka sauke daga intanet. An ga komai, me ya rage a ji tsoronsa? Su ne kuma ke karya farashi, har furodusa ya zo yana ce mini, "Malam, ai da rabin wannan ma akwai mai yi." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, akwai, amma ka fara kallon aikinsa kai kaɗai da dare, ka ga ko za ka tashi ka duba sakatar ƙofa."

Haske ne ya fi cin lokacinmu. Dare a fim ba rashin fitila ba ne, dare ne da aka shirya. Fitila ɗaya nake sawa daga gefe, sama kaɗan, rabin fuska ya fito, rabi ya nutse. Baƙar fata tana son a lallaɓa ta: in ka haske ta kai tsaye sai goshi ya yi ta ƙyalli, idanu su ɓace, don haka nakan buga hasken a jikin farin yadi ya dawo a tausashe, sannan in sa wata ƙaramar fitila a baya ta zana gefen kafaɗa da kunne, mutum ya rabu da bango. Dole kuma a bar ɗan ɗigon haske a cikin ƙwayar ido, domin a nan mai kallo yake karanta tsoro. Masu arha da rana tsaka suke ɗauka, su je kwamfuta su rage haske su ce dare ne, ga inuwar mutum a ƙarƙashin ƙafarsa tana tona musu asiri. Lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, Allah yana ba mu kyauta: hazo yana tace rana, bakin Binuwai da sassafe ya yi fari fat, mutum ya fito daga cikinsa ba ka san ko wane ne ba sai ya matso. A watan Maris da Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, kamara takan ɗauke da kanta, sai mu koma aikin asuba da na dare.

A Kano na koyi sana'ar, zamanin kaset, wurin wani maigida da ya fara da ɗaukar biki kafin ya shiga fim. Na daɗe ina ɗaukar masa ƙafar kamara da naɗe waya kafin ya bar ni in leƙa. Da dare yakan sa fim, ya kashe murya gaba ɗaya, ya ce, "Yaro, gaya mini wa ke tsoron wa." In na faɗa, sai ya ce, "Ta yaya ka sani?" A haka na gane cewa wanda aka ɗauka daga ƙasa yakan yi kwarjini, wanda aka ɗauka daga sama yakan ƙanƙance. Gilashin kamara mai jawo nesa, kamar mai lamba 85, in ka tsaya da shi a bayan katanga, yana sa mai kallo ya ji laɓe ake yi wa jarumi. Mai faɗi, kamar 24, in ka kusanto da shi fuska sai ta ɗan karkace, hankali ya ƙi kwanciya. Allah ya jiƙansa, shi ya nuna mini yadda ake rage iskar tayar amalanke, a shimfiɗa katifa, mai kamara ya zauna, a tura shi a hankali zuwa fuskar jarumi har mai kallo bai san an matso ba, sai dai ya ji numfashinsa ya ƙuntata. Har yau haka muke yi, kuma ba wanda ya taɓa ganewa a hoto.

A wurin tacewa, wato yanka hotuna da haɗa su, ake ƙarasa rabin aikin. Wajen shekarar 1920 wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya haɗa hoton fuska guda da kwanon miya, da gawa a akwati, da wata mace, masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ba ta sauya ba. Shi ya sa nake roƙon 'yan wasanmu su daina zare ido da kama kai. Ka tsaya kawai, ka dubi ƙofa, abin da zan liƙa bayan fuskarka shi zai yi magana. Hoto 25 muke ɗauka a kowace daƙiƙa, kuma cire biyar daga cikinsu kafin a buɗe ƙofa yakan bambanta razana da dariya.

Duk mai ganin sai da kuɗin Amurka ake wannan, ya nemi fim ɗin Daratt na Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Chadi maƙwabcinmu, wanda ya ci kyauta ta musamman ta alƙalai a bikin fina-finai na Venis a 2006. Saurayi ne ya zo Njamena da bindiga don ya kashe wanda ya kashe mahaifinsa, sai ya ɓuge da koyon gashin burodi a hannunsa. Magana kaɗan ce, kamara ba ta gaggawa, mutum biyu suna murza ƙullu kafaɗa da kafaɗa, kai kuma ka san abin da ke aljihun ɗaya.

Sauti ma aiki ne mai zaman kansa. Janareta can nesa muke kai shi da doguwar waya, mu jira babura su ɗauke ƙafa. Kukan gyare, haushin kare daga wata unguwa, ƙarar ƙyauren langa-langa, duk daban nake bi in naɗe su da makirufo. In an zo daidai inda zuciya za ta tsinke sai in janye kukan gyaren, wurin ya yi tsit. Wannan shirun ne wani Alhaji ya ce in cike masa da kiɗa tunda ya biya kuɗi. Na roƙe shi ya bari a gwada wa iyalinsa a gida tukuna. Washegari ya bugo waya ya ce a bar shi yadda yake.

Yawancin masu kallonmu, daga nan har Marwa da Kuseri da Ngaundere, a waya suke kallo, sau da yawa bayan fim ya bi ta WhatsApp an matse shi, duhun ya dagule ya zama tabo-tabo. Saboda haka kafin mu miƙa aiki sai na tura shi a ƙaramar waya mai arha, na fita tsakar gida da rana na duba ko takalmin nan yana nan a ƙarƙashin labule. In ya ɓace, mu koma kan kwamfuta. Mai labari a hannu ya zo da shi a rubuce, mu je mu ga gidan da za a yi aikin bayan magariba, mu saurari unguwar, sannan a zauna maganar farashi.